Mabuɗi Amana Ne: A Cire Makulli Ko A Sauya Cikinsa?

Masu karatu, a wannan fitowa filin iyali zai tsaya ne a bakin ƙofa, domin mu duba wata tambaya da ke tasowa a gidaje da dama, wadda ba a cika zama a yi mata tunani ba sai bayan ɓarna ta auku. Mabuɗi ya ɓata, ko ɗan haya ya tashi, ko an tare a sabon gida. Shin a ciro makullin gaba ɗaya a sa sabo, ko kuwa a bar shi a jikin ƙofa a sauya cikinsa, yadda tsohon mabuɗi ba zai sake buɗe shi ba? Mun ɗauki unguwar Gurugu da ke birnin Tamale a arewacin Ghana a matsayin misali, amma maganar ta shafi mai gida a Maraɗi da Lome kamar yadda ta shafi na Tamale.

Da yake a bakin Bahaushe kalmar makulli tana ɗaukar ƙarfen da ke jikin ƙofa da kuma ɗan da ake sawa a aljihu, a nan za mu riƙa cewa makulli ga na jikin ƙofa, mabuɗi ga na aljihu, kwaɗo kuwa ga wanda ake ratayawa.

Gari ya faɗaɗa, hannaye sun yi yawa

Gurugu tana cikin ƙaramar hukumar Sagnarigu, wadda aka yanke daga Tamale a shekarar 2012. A ƙidayar 2010 an samu mutum 148,099 a wannan yanki, a ta 2021 kuwa an samu 341,711, wato jama'a sun ninka har da ɗoriya cikin shekara 11. Duk wanda ya bi hanyar Kumbungu zai ga shaidar haka da idonsa: gonaki sun koma fulotai, gidajen bulo masu ƙofar ƙarfe sun kewaye tsofaffin gidajen Dagombawa masu zagayayyun ɗakuna.

A tsohon tsari, gida ba ya dogara da ƙarfe sosai. Baƙo ba ya isa tsakar gida sai ya ratsa zaure, wanda Dagombawa ke kira zong, inda dattijo ke zaune ya san mai shiga da mai fita. Mata suna ciki, yara suna wasa a ƙofa, maƙwabci ya san fuskar kowa. Da dare a jawo ƙyaure a tokare shi daga ciki, shi ke nan. Yanzu kuwa mai gida yana wurin aiki, uwar gida tana kasuwa ko ofis, yara suna makaranta, gida yana wuni babu kowa, kuma maƙwabcin da ke bayan katanga wataƙila watan jiya ya tare.

Har ila yau, gida a irin waɗannan unguwanni ba a gina shi rana ɗaya. Ana yinsa ne kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da Allah Ya hore, wani lokaci shekara biyar ko fiye. A tsawon wannan lokaci mabuɗi yakan bi ta hannun magini da kafinta da mai haɗa wuta da mai fenti da yaransu, da wanda aka ba ɗaki ɗaya ya riƙa kwana don gadi. In gidan haya ne, sai a ƙara da ɗalibai da ma'aikatan da ake yi wa sauyin wurin aiki, wannan ya tashi wancan ya shigo. Yawancin waɗannan mutanen kirki ne, amma mabuɗi yana faɗuwa, ana ara, ana mantawa da shi a aljihu, kuma yanka irinsa a kasuwa aikin 'yan mintoci ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidan zamani, tsagewar sau da yawa mabuɗi ɗaya ne da ba a san inda ya shiga ba.

Kada wani ya ce wannan rashin tawakkali ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya yi tambaya game da raƙumarsa, aka nuna masa ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah. Kula da ƙofa yana cikin riƙo da sababi.

Abin da ke cikin ƙarfen

Ba za a iya yanke shawara ba sai an san irin makullin da ke jikin ƙofa, kuma iri uku ne suka fi yawa a gidajenmu.

Na farko shi ne mai silinda, wato wanda mabuɗinsa faffaɗa ne siriri mai haƙora a gefe. Silinda ita ce ɗan dunƙulen tagullar da ake zura mabuɗi a ciki. A shagunan Yamai da Wagadugu, inda ake ciniki da Faransanci, canon ake ce mata. A cikinta akwai ramuka biyar ko shida a jere, kowane rami da 'yan turaku biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin da ke danna su ƙasa. Tsawon turakun ƙasa ya bambanta. In aka zura mabuɗin da ya dace, haƙoransa suna ɗaga kowane turke daidai gwargwado, har mahaɗar turakun sama da na ƙasa ta zo a layi ɗaya, sai tsakiyar silindar ta samu damar juyawa ta ja harshen makulli. In turke ɗaya ya wuce ko ya gaza, ba za ta juya ba. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ne ya yi rajistar wannan fasali a 1861 da 1865, amma asalin hikimar tsohuwa ce: Misirawan dā sun yi makullan itace masu turakun da ke faɗawa rami, kuma irinsu ne mutanen Dogon na ƙasar Mali suke sassaƙawa a ƙofofin rumbunansu.

Na biyu shi ne mai dogon mabuɗi mai kai kamar tuta, wanda aka fi gani a ƙofofin katako na ɗakuna. Cikinsa 'yan faifan ƙarfe ne da masu sana'a ke kira liba, waɗanda mabuɗi ke ɗagawa zuwa wani tsayi kafin harshe ya motsa. Robert Barron ne ya inganta wannan tsari a Ingila a 1778, Jeremiah Chubb ya ƙara masa tsaro a 1818. Ana yin mai liba 2 da mai 3 da mai 5. Mai 2 da mai 3 nau'in mabuɗansu kaɗan ne, har ana sayar da su yankakku da lamba a jiki, don haka ba abin mamaki ba ne mabuɗin ɗakin wani ya buɗe na maƙwabcinsa. Irin waɗannan sun dace da ɗakin wanka da ɗakin yara. Ƙofar da ke kallon titi ta fi ƙarfinsu.

Na uku shi ne kwaɗo. Yawancin masu araha an danne jikinsu ne tun daga masana'anta, ba a buɗe su a sauya ciki. In mabuɗin kwaɗo ya ɓata, maganinsa sabon kwaɗo.

Hanyoyi uku, ba biyu ba

Mutane da yawa sun ɗauka zaɓi biyu ne kawai: a yi haƙuri da tsohon makulli, ko a kira kafinta ya fasa ƙofa ya sa sabo. Alhali hanyoyin gyara uku ne.

Hanya ta farko ita ce sauya turaku. Gwani zai zare tsakiyar silinda, ya zubar da turakun ƙasa, ya jera waɗansu masu tsawo dabam, ya yanka mabuɗin da ya dace da su. Ƙarfen yana nan yadda yake, amma tsohon mabuɗi ya mutu. Wannan aiki yana bukatar akwatin turaku da hannu mai natsuwa, kuma ba duk mai yanka mabuɗi a bakin kasuwa ne ya iya shi ba. Ya fi dacewa da silinda mai tsada wadda asara ne a jefar da ita, ko kuma in ana son ƙofofi biyu ko uku su koma buɗuwa da mabuɗi ɗaya.

Hanya ta biyu, wadda ita ce ta fi sauƙi a garuruwanmu, ita ce a sauya silindar ɗungurungum a bar sauran makullin. Noti ɗaya ne dogo yake riƙe da ita, yana nan a gefen ƙyaure ƙasa da harshe. A buɗe ƙofa, a kwance notin, a zura mabuɗi a ɗan karkata shi kaɗan, a jawo, sai ta fito. A sa sabuwa a mayar da noti. Ba a taɓa katako, ba a kira mai walda, kuma kuɗin bai kai na sabon makulli da ladan kafinta ba. Yawancin ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su daga Sin da Turkiyya ma haka suke, duk da harsunansu masu yawa: silinda ɗaya ce ke sarrafa su, kuma ana iya sauya ta. Waɗansu daga cikin na Sin suna zuwa da mabuɗai kashi biyu, na ma'aikata da na mai gida, kuma da zarar an juya na mai gida sau ɗaya, na ma'aikata sun daina aiki. Wanda ya sayi irin wannan ƙofa ya tambayi mai sayarwa, ya kuma tabbata ƙunshin mabuɗan mai gida a liƙe ya karɓe shi.

Hanya ta uku ita ce cire makullin gaba ɗaya, da harshensa da hannunsa da ƙarfen da ke jikin firam. Ita ce mafi tsada, kuma tana da lokacinta.

A fara da ƙirga mabuɗai

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, mai gida da uwar gida su zauna su amsa tambaya ɗaya: mabuɗai nawa wannan ƙofa take da su, kuma kowane yana hannun wa? Sabuwar silinda takan zo da uku ko biyar. In aka ƙirga aka samu kowane a hannun wanda aka sani, kuma babu wanda ya taɓa kwana a waje, to babu dalilin sauyi. In lissafi bai cika ba, ko an gaji ƙofar ne daga wani ba a san adadin farko ba, to ciki ne ke bukatar sauyi, ko da makullin yana sheƙi kamar jiya aka sa shi.

Ɓatan mabuɗi ma iri-iri ne. Wanda ya faɗa rijiya ko masai, ko ya faɗi a wani gari mai nisa babu wata alama a jikinsa, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya tafi da jaka mai ɗauke da takardar kuɗin wuta ko ta ruwa, ko wata takarda mai lambar adireshin GhanaPostGPS da aka soma amfani da ita a 2017, wannan ya tafi ne da taswirar gida. Haka wanda aka sace tare da babur a ƙofar gida ko ƙofar masallacin unguwa, domin Tamale garin babura ne, kuma da yawa suna haɗa mabuɗin gida da na babur a zobe ɗaya. Mafi haɗari shi ne wanda ya ɓata a cikin gida, aka share ko'ina ba a gan shi ba. Irin waɗannan ba a kwana da su; a sauya silinda kafin magariba.

Mabuɗin da ya tafi ya dawo shi ma abin lura ne. Tun dā ana danna mabuɗi a jikin sabulu a ɗauki siffarsa, yanzu kuwa hoto ya isa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna ana iya yanka mabuɗi mai aiki daga hoton da aka ɗauka daga nisan kusan mita 60. Saboda haka a ja kunnen matasan da ke ɗaukar hoton mabuɗin sabon gida su watsa a waya don murna. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Lokacin da ƙarfen kansa ya gaza

Sauya ciki ba ya ƙara wa makulli ƙarfi. In harshensa gajere ne, ko ya lanƙwashe, ko hannu yana lilo, ko an taɓa ɓalle ƙofar da ƙarfe, ko mai liba 2 ne a ƙofar waje, to sabon makulli ake bukata. Ɓarawo da yawa ba ya ɓata lokaci a kan ramin mabuɗi. Yakan sa ƙarfe tsakanin ƙyaure da firam ya banƙare, ko ya karya silindar da ta leƙo waje, ko ya kwance mariƙin kwaɗo da sukudireba. Don haka a duba firam ko gara ta ci shi, a duba hinji, a sa dogayen notuna da za su kama katako sosai, mariƙin kwaɗo kuma a yi masa walda ko a sa wanda ke rufe kan notunansa in an kulle. Kwaɗo mai tsada a jikin ruɓaɓɓen ƙyaure ado ne kawai.

Sai dai kafin a yanke wa makulli hukunci, a gwada shi ƙofa tana buɗe. In mabuɗi ya juya lafiya a buɗe amma ya cije a rufe, laifin na ƙyaure ne: ya sunkuya, ko damina ta kumbura katako, harshe ya daina samun raminsa. Wannan aikin kafinta ne na ɗan lokaci. In kuwa a buɗen ma yana cijewa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta cika ramin. A goga bakin fensir a haƙoran mabuɗi a zura a fitar sau da dama. Kada a ɗura man kaɗe ko man gyaɗa ko baƙin mai, domin mai yana kama ƙura ya daskare, gobe abin ya fi na yau muni.

Akwai kuma makullan zamani masu lamba ko masu karanta yatsa. Amfaninsu shi ne sauya lamba ba ya cin ko kwabo. Amma da batir suke aiki, ga ƙura, ga zafin watan Maris da kan kai digiri 40 a Tamale, kuma yawancinsu suna da mabuɗin ko-ta-kwana wanda shi ma sai an san hannun da yake.

In za a shiga kasuwa

Silinda tana da awo. Ana auna ta ne daga tsakiyar ramin noti zuwa kowane gefe, kamar milimita 30 da 30, ko 35 da 35, ko 30 da 40. In ta yi tsawo ta leƙo waje fiye da milimita 3, ta ba ɓarawo wurin kamawa ya karya ta. Mafi sauƙi a ciro tsohuwar a tafi da ita Aboabo ko babbar kasuwa a gwada, amma a bar babba a gida, domin a wannan lokaci ƙofa ba ta kulluwa.

A karɓi wadda ƙunshinta yake a liƙe, a ƙirga mabuɗan a gaban mai shago. A ce ya kawo biyu ko uku iri ɗaya a gwada mabuɗin wannan a jikin waccan. In ya buɗe, a bar masa kayansa. Sunaye irin su Yale da Union da Vachette sanannu ne, shi ya sa masu jabu suke kwaikwayonsu, don haka in farashi ya yi arha fiye da kima, a tuna cewa araha ba ta ado. In silindar ta zo da kati mai lamba wanda da shi ake yanka ƙari, a adana shi tare da takardun gida. Mai gida ya sayo da kansa, a ɗaura a gabansa, ya karɓi mabuɗan duka. In kuma za a ƙara yanka wani, babba ya je ya tsaya a yanka yana kallo, ba tare da ya faɗi gidan da mabuɗin yake buɗewa ba.

Game da haɗa ƙofofi a mabuɗi ɗaya, yana da daɗi ga ƙofar waje da ta zaure da ta baya, amma in ya ɓata duk sun tafi tare. Ɗakunan matan gida kuwa kowace a bar ta da nata, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Haƙƙin waɗanda ke bayan ƙofa

A nan ne maganar ta wuce ta ƙarfe, domin makullin da ke tsare gida shi ne kuma ake zaluntar mutane da shi.

Mai gidan haya ya wajaba ya miƙa wa sabon ɗan haya ɗakin da wani ba ya riƙe da mabuɗinsa. Dokar Haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata 6, amma kowa ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ya cancanci ya kwana da natsuwa. Abin da ya fi shi ne a yi yarjejeniya tun ranar shiga: ɗan haya ya sa silindarsa, ya adana ta mai gida, ranar tashi ya mayar da ita ya tafi da tasa. In kuma saɓani ya shiga, doka ba ta ba mai gida ikon sauya makulli ya rufe wa ɗan haya kayansa ba. Akwai ofishin gwamnati mai kula da harkokin haya, akwai kotu, kafin su kuma akwai limami da dattawan unguwa.

Haka nan mijin da ya yi saki cikin fushi ya kira kafinta a ranar, ya sani ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar daga ɗakinta a lokacin idda. Wadda mijinta ya rasu kuwa tana da takaba ta wata 4 da kwana 10 a gidansa. Dokar gado ta Ghana ta 1985, bayan gyaran da aka yi mata a 1991, ta mayar da korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gidan aure kafin rabon gado laifi. Dangin da ke gaggawar sauya makullai tun ba a share makoki ba su ji tsoron Allah. In ana fargabar kayan mamaci su salwanta, a rubuta su a gaban shaidu, a rufe ɗakin ajiyar da kwaɗuna biyu, mabuɗin ɗaya a wannan ɓangare, na ɗayan a wancan, har ranar da malamai za su raba.

Sa'an nan akwai wanda aka ba mabuɗi ajiya. Tun 2016 alhazan arewacin Ghana suka soma tashi kai tsaye daga filin jirgin saman Tamale, kuma mai tafiya yakan bar gida fiye da wata guda a hannun ɗan'uwa ko maƙwabci. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Yanka wani mabuɗi ba da izini ba, ko miƙa shi ga wani, ƙetare iyaka ne. In ya ɓata a hannunsa, ya faɗa nan take. Kunyar minti ɗaya ta fi ɓarnar da ɓoyewa za ta jawo.

Abin da ya fi wuya shi ne sauya makulli ba tare da an ɓata wa kowa suna ba. 'Yar aiki ta tafi gida aure, yaron shago ya koma garinsu, ɗan riƙo ya kama ɗakinsa, washegari suka ji an sauya silinda. In ba a saba yin haka ba, za su ɗauka ana zarginsu, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta gargaɗe mu game da yawan zato. Maganin wannan shi ne a mayar da abin ƙa'idar gida wadda kowa ya sani tun ranar da aka ba shi mabuɗi: duk lokacin da hannu ya sauya, silinda za ta sauya, ko wane ne. Wannan kariya ce ga wanda ya tafi, domin in wani abu ya ɓata bayansa babu mai ambaton sunansa.

Kada a manta da hanyar fita

Gidajen yanzu tagoginsu duk da ƙarfe, tukunyar gas tana ɗakin girki, ƙofa kuma ana kulle ta da mabuɗi daga ciki a zare a kai ƙarƙashin matashi. In wuta ta tashi cikin dare, hayaƙi ya cika ɗaki, neman mabuɗi a duhu yana iya cin rai. Duk wanda zai sauya silinda ya duba irin wadda gefenta na ciki mariƙi ne da ake murɗawa da hannu, muddin babu gilashi ko kafa kusa da za a zuro hannu. In babu ita, sakata mai kauri sama da ƙasa ta wadatar da dare, kuma ita ba ta da mabuɗin da zai ɓata. In dole sai an kulle da mabuɗi, a rataye shi wuri ɗaya kullum, inda yaro mai wayo zai kai, amma sanda daga taga ba za ta kai ba. A koya wa yara lambobin neman agaji na Ghana: 191 'yan sanda, 192 'yan kwana-kwana, 112 kuwa ga kowane irin haɗari.

Darasi daga Ɗakin Allah

A shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da aka buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya karɓi mabuɗin Ka'aba daga Usmanu ɗan Ɗalha, ya shiga ya fito, sa'an nan ya mayar masa da shi. Malaman tafsiri da yawa suna danganta wannan da aya ta 58 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Daga wancan lokaci an sauya makullin Ka'aba sau da dama, tsofaffin har suna ajiye a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, amma mabuɗin yana hannun zuriyar Banu Shaiba har yau. Ƙarfe ya tsufa an sake shi, hannun da ke riƙe da amanar kuwa sananne ne a kowane zamani.

Muna roƙon kowane mai gida, a Gurugu da sauran wurare, ya samu lokaci a wannan mako ya tara mabuɗan gidansa a kan tabarma, ya ƙirga su tare da iyalinsa, ya rubuta sunan mai riƙe da kowane a bayan littafin da yake ajiye takardun gida. In lissafi ya cika, alhamdu lillahi. In bai cika ba, ya sauya ciki. In ƙarfen ne ya gaji, ya sauya shi duka, ya kuma duba ƙyaure da firam. A kowane hali ya kiyaye haƙƙin wanda ke da rabo a wannan ƙofa.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, Ya kare mu daga cin amana da zaluntar juna, Ya sa mu kwana lafiya mu tashi lafiya.